Sifiku Biyu Marasa Akwati da Kaset ɗin Babanmu

Shekarun baya, ban daɗe da tarewa a gidana na Jisonayili a nan Tamale ba, na yi wata sayayya da har yau in abokaina suka tashi tsokanata ita suke ɗaukowa. Sifiku biyu na saya, marasa akwati, shafaffu kamar allo. Jiya wani ya hango su a bayana cikin hoton da na sa, ya tambaye ni ko ƙofar banɗaki ce na jingine a falo. Na yi dariya har na gaji, sannan na ce bari dai in zauna in ba ku labarin yadda aka yi.

Ni mai gyaran rediyo ne, a Moshi Zongo na tashi, a nan na koyi aiki. Daga baya na haɗa da ba da hayar kayan sauti, biki ne, suna ne, maulidi ne, duk ina zuwa. Akwatunan sifika shida nake da su a lokacin, kuma da hannuna na ƙera su. A wajenmu sifika da abu biyu ake sayenta, nauyi da ƙara. Ka fara ɗaga ta, in ta nemi karya maka baya to mai kyau ce. Sai ka murɗa ta har ƙarshe, in kwanon rufin maƙwabci ya soma kaɗawa sai ka biya kuɗi ka ɗauka. Da wannan ilimin na yi suna, kuma ba na ɓoye muku, kaina ya ɗan kumbura.

Mahaifina ya tafi Jidda aikin ɗinki ina ɗan shekara goma sha biyu. Shi bai yi boko ba, mahaifiyata kuma ba ta karatun wasiƙa, don haka kaset yake aiko mana. Yaran yanzu ba za su san wannan ba. Wani zai dawo daga can ya kawo kaset a cikin ambulan, a sayo sabon batir, a shimfiɗa tabarma, duk gida a taru a kewaye rakoda. In an gama ji sai a nemo wani kaset a ɗauki amsa, kowa ya matso ya yi gaisuwa bi da bi, a ba mai komawa ya kai. Guda uku ya aiko mana. Biyu rakoda ta cinye su a tsawon shekaru, na ukun ne ya rage, Mma ta naɗe shi a ɗankwali ta ajiye a ƙasan akwatinta na ƙarfe.

A cikin na ukun nan akwai wajen da ya yi magana a kaina. Ya ce: “Yaron nan da na ji an ce yana kwance wa mutane rediyo, ki raba shi da wannan wasan banza. Ki kai shi wajen ƙanena ya koyi fataucin goro.”

Mma ba ta kai ni ba. Keken ɗinkinta ta sayar, ta biya kuɗin koyon aiki wajen wani mai gyara, ta haɗa da goro da kiret na lemo kamar yadda ake yi. Amsar kaset ɗin kuwa ta kasa ɗauka. Kullum sai ta ce sati mai zuwa, don ba ta san da wane baki za ta gaya masa ta saɓa maganarsa ba. Ana cikin sati mai zuwan nan labarin rasuwarsa ya iso. A can aka binne shi, bai taɓa jin abin da ta yanke ba. Ni kuma na girma ina jin kunyar wannan wajen na kaset ɗin, in an zo kusa da shi sai in nemi dalilin fita tsakar gida.

Da girma ya kama Mma idonta ya yi rauni, tsohuwar rakodarta kuma ta mutu mutuwar da ni kaina na kasa tayar da ita. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Na karɓi kaset ɗin na juye shi a waya, na kai mata ina taƙama. Ta kasa kunne na ɗan lokaci ta ce, “Wannan kuma wane ne?”

Na ce, “Baba ne mana, Mma.”

Ta ce, “A'a. Wannan mutumin ta hanci yake magana.”

Washegari na ɗauko ɗaya daga cikin manyan akwatunana, mu biyu muka shigar da shi ɗakinta da ƙyar, na haɗa na kunna. Kwanukan da ke kan kabad suka fara rawa. Ta ɗaga hannu ta ce in kashe.

“Yanzu kuma ka jefa shi cikin randa. Babanku ba a cikin randa yake magana ba.”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Tana murza bakin zanenta ta ce, “Fuskarsa na daɗe da rasa ta, ko hoton ba na gani yanzu. Muryar ce ta rage mini, ita ma na fara mantawa. In na nemo ta a kaina sai in ji ta wani.”

Wallahi maganar nan ta dake ni. Ni da nake sa rabin Tamale su ji sanarwar ɗaurin aure ko suna so ko ba sa so, na kasa sa mahaifiyata ta ji mutum ɗaya.

Bayan wata biyu aka kira ni gyaran amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a unguwar Gurugu, gidan wani dattijo injiniyan tarho da ya yi shekaru yana aiki a Turai ya dawo gida ya huta. Baba Injiniya kowa ke ce masa. Na shiga falonsa na ga wasu alluna biyu dogaye lulluɓe da yadi, a tsaye can kusan tsakiyar ɗaki. Na ɗauka irin abin nan ne na raba falo. Zafi ake yi, sai na cire hulata na rataya a kan ɗaya.

Ya kira ni yadda ake kiran mai sana'a a wajenmu ya ce, “Masa, cire hularka daga kan sifikata.”

Na waiga ina neman sifikar. Ya nuna allon da sandarsa.

Da na gama gyara ya ce in zauna a wata kujera guda ɗaya da ke fuskantarsu, ya sa faifan wani mutum da ke ba da labari yana ɗan taɓa gurmi. Jama'a, mutumin na buɗe baki na juya na kalli ƙofa, na ɗauka baƙo ne ya shigo. Ba ƙara ba ce, ƙarar ma kaɗan ce. Mutum ne kawai zaune a gabana, ina jin numfashinsa, ina jin yatsansa a kan tsirkiya.

Baba Injiniya ya yi mini bayani. Ya ce Turawa filana suke kiran irinsu. A ciki wata leda ce da ta fi ta burodi siranta, an ɗame ta kamar fatar ganga, an manna mata siraran wayoyi, a bayanta kuma an jera maganaɗisu. In wuta ta bi wayoyin sai fuskar gaba ɗaya ta motsa. Tunda babu akwati, babu muryar akwati da za ta hau kan ta mutum. Nan take randar Mma ta faɗo mini a rai. Na ba shi labarin kaset ɗin, ya ce, “Ba za su ƙara abin da babu a ciki ba, ka sani. Amma abin da ke ciki ba za su ɓata shi ba.”

Ya ce in zan saya in riƙe abu uku. Na farko, suna da cin wuta, sai amfilifaya mai ƙarfi, wannan kuwa ina da ita. Na biyu, in na hannu ne in kasa kunne da kyau, don zafi da daɗewa kan sa gam ya saki, wayar ta ɗago daga jikin ledar ta riƙa zizara. Na ukun ya faɗa, na ga bakinsa na motsi, na gyaɗa kai har da cewa “Haka ne, Baba.” Amma hankalina ya riga ya kai kasuwar kayan hannu ta Accra, ko kalma ɗaya ban ji ba.

Na baza cigiya wajen abokan sana'a. Sai da aka yi watanni kafin wani abokina ya kira ya ce ya ga irinsu a Accra wajen wani ɗan zongo mai sayar da kayan hannu da ake kawowa daga Turai. Na sayar da akwatuna biyu cikin shidan nan, mafiya kyau, na hau mota. Matata, wadda 'yar Dagomba ce mai Hausar kasuwa da bakin da ba ya ajiye magana, ta raka ni ƙofa tana cewa, “Baban yara, ka sai da abin da yana kawo abinci, za ka sayo abin da ba ka ma san sunanshi da kyau ba. To, Allah ya kiyaye hanya.”

Shagon mutumin cike yake da firji da talabijin da injin wanki. Can ƙurya, bayan wasu katifu, ya jawo mini su. Ashe kashi biyu ne. Akwai manya da suka fi ni tsawo, akwai ƙanana da suka tsaya mini a ƙirji.

Ya ce, “Masa, ni gaskiya zan gaya maka, kar gobe ka zage ni. Wannan abu ba ya da bes kraa, ba ya gunji ko kaɗan. Shekara biyu yana nan. Kowa ya zo ya ɗaga, ya ce ba nauyi, ya aje ya tafi.”

Ina jin haka na yi murmushin wanda ya fi kowa sani. Sai kuma na duba na ga ni ma hannuna na kan ƙaramar, na ɗaga ta ina auna nauyi ban ma sani ba.

Ya haɗa manyan, ya sa kiɗan rawa ya murɗa har ƙarshe. Na ce ya kashe. Na ciro wayata na ce wannan za a sa, kuma a rage ƙara. Masu shagunan kusa suka leƙo suna kallon mutumin da ya taso tun daga Tamale don ya ji wani tsoho yana gaisuwa. Ɗaya ya ce, “Chale, abokina, wa'azi za ka buɗe?” Ban kula shi ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, raina manyan yake so. Na riga na hango su a falona sun kusa taɓa silin, abokaina na shigowa suna riƙe baki. Kuma mai shagon, don ya rabu da su, ya ce abin da zan ƙara a kan kuɗin ƙananan kaɗan ne. Amma da Babanmu ya sauke murya yana cewa a gaida mutan gida, sai na ji wani ɗan zizi a ta hagun, kamar ƙuda ya maƙale a leda. Na mayar na sake, ya sake yi. Mai shagon ya ce shi bai ji komai ba, fankar sama ce. Na sa aka kashe fankar, ƙudan na nan. Aka haɗa ƙananan, na saurara sau uku da kunnena a jikin yadin, daga sama har ƙasa. Fes.

Duk da haka sai da na yi awa guda ina zagaya manyan ina lallashin kaina cewa ai ni mai gyara ne, zan iya manna wayar. Daga ƙarshe na fita waje na kira Baba Injiniya.

Ya ce, “Falonka taku nawa ne?”

Na faɗa masa.

Ya ce, “Manyan ko lafiyarsu ƙalau sun fi ƙarfin ɗakinka. Ina tambayarka, don mutanen unguwa za ka saya ko don tsohuwa?”

Na koma na ce a ɗaure mini ƙananan.

Katifa guda na saya na yanka biyu na naɗe su. A tasha kwandasta ya ce za su shiga ƙasa tare da buhunan gari da kwandunan kifi. Na ce sai dai ni in shiga ƙasan. Muka yi ta ja har direba ya sa baki, aka daidaita a kan in biya kujeru biyu na baya. Haka na zauna tun safe ina rungume da su kamar mai rakiyar mara lafiya, duk ramin da muka faɗa sai na ce innalillahi. Wata mata da ke gabana ta tambaye ni ko madubi ne, na ce mata e, don in huta.

Da motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya sauke ni a ƙofar gida na kwance katifar, matata ta zagaya su gaba da baya ta ce, “Ka sai da akwati biyu ka sayo ƙofa biyu. Kuma ba ya da makulli.” Daga ranar sunan ya bi su.

To a nan na tafka kuskuren. A aikinmu, in kana so akwati ya yi gunji sai ka tura shi lungu ya jingina da bango. Kuma kun san gidajenmu, kujera, kabad, firji, komai a jikin bango yake, tsakiyar falo ta baƙi ce da tabarmar salla. Na tuna na Baba Injiniya a tsakar ɗaki suke, amma na ɗauka rashin mace a gida ne ya jawo haka. Na manna kowace a lungunta. Matata ta ɗauko leshi fari irin wanda take rufe talabijin da shi ta yafa musu, ya sauko har rabi. Na gwada, na ji ba kamar na shagon ba, ba kuma kamar na Gurugu ba, amma na ce gajiyar hanya ce a kunnena.

Ɗoki bai bar ni na jira ba. Na aika yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya ɗauko Mma da kaset ɗinta. Don neman suna har abokaina biyu na gayyato su zo su shaida. Na sa kaset ɗin a wata rakoda mai kyau da na daɗe da gyarawa, na danna.

Ta saurara har ya gama gaisuwa. Sai ta ce, “Ya fi na da. Amma yana bayan bango. Kamar maƙwabci ke magana ina ji daga ɗakina.”

Na tsayar da rakodar. Ta miƙo hannu, na ciro kaset ɗin na ba ta, ta naɗe shi a ɗankwalinta. Ta ce, “Ka bar shi haka, ɗana. Ka yi iya yinka. Kar ka ƙara ɓata dukiyarka a kan wannan.” Da ma faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi. Abokaina, Allah ya saka musu, ranar ba su yi dariya ba, sai da suka bari aka kwana biyu.

Kwana uku ban shiga falon ba. Har na fara tunanin wanda zan kakaba wa su. A na huɗu na tafi Gurugu na ce wa Baba Injiniya an cuce ni. Ya ce in ɗauke shi a babur mu je ya gani. Yana tsayawa a bakin falon ya ga leshi, ya ga lungu, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da matata ta kawo ruwa.

Ya ce, “Me na ce maka na uku?”

Na sunkuyar da kai.

“Na ce kar ka kusantar da su bango. Abin nan ba shi da baya. Yadda murya ke fita ta gaba haka take fita ta baya. Ka manna shi da bango, rabin muryar ya daki siminti ya dawo ya faɗa wa ɗan'uwansa. Cire zanen nan. Jawo su taku uku.”

Matata ta ce, “Baba, a tsakar falo? Baƙo ya zo zai bi ta ina?”

Ya ce, “Ta gefe, 'yata. Baƙo yana da ƙafa.”

Tun azahar muke abu ɗaya har la'asar ta wuce. Ya zauna a kujera da sandarsa yana ba da umarni, ni ina turawa. Gaba kaɗan. Baya da faɗin yatsa biyu. Karkato ta hagun ta kalli kujera. Duk inda muka tsaya sai in zana da alli a kan tayil. Da kwafin da ke wayata muke gwadawa, gaisuwar farko kawai, na ji ta ta fi sau hamsin. Can ya tashi ya ce, “Zo ka zauna.”

Na zauna, ya danna. Sai ga Babanmu a tsakanin allunan nan biyu, daidai tsayin mutum in yana zaune, ya gyara murya ya yi sallama. Ban kai ƙarshen gaisuwar ba na tashi na fita bayan gida, na daɗe ina duba tankin ruwan da ba abin da ya same shi.

Da na dawo na tarar da matata a kujerar. Ita ba ta taɓa ganinsa ba, an yi aurenmu ya daɗe da rasuwa. Ta ce, “Wannan shi ne Baba? Ashe muryanshi irin naka ne.” Daga ranar ita ta zama mai gadin zanen allin, ko shara take yi sai ta kewaye shi.

Saura shawo kan Mma. Ni kunya ta hana ni komawa da maganar. Matata ta ce in bar mata. Daga baya na ji abin da ta je ta ce: “Mma, ni na ji shi da kunnena. Ki zo Juma'a, zan yi tuwo da miyan ayoyo. In kin ji ba shi ba ne, ni da kaina zan sa ƙofan nan a murhu.”

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Mma ta zo da kaset ɗinta. Wannan karon ban gayyaci kowa ba. Na goge kan rakodar da auduga, na daidaita ɗan sukurun da ke gefensa har shuuu ɗin kaset ya zauna daidai. Na kama hannunta na zaunar da ita a kujerar, ni na durƙusa a gefe kusa da rakoda, matata ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Na danna.

Shuuu na ɗan lokaci. Ƙarar keken ɗinki can nesa a bayansa, wadda duk shekarun nan ban taɓa lura da ita ba. Sai ya gyara murya.

“Salamu alaikum.”

Mma ta ja mayafinta ta rufe kanta da kyau, ta gyara zama. Ta ce, “Wa alaikumus salam.”

Ya ce yana fata kowa lafiya. Ta ce, “Lafiya lau.” Ya tambayi yara, ta ce, “Suna nan, sun girma.” Ya ce a gaida mutan gida, ta ce, “Za su ji.” A hankali take amsawa, idonta a wajen da muryar take, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Matata ta toshe baki da gefen zane.

Na san abin da ke tafe. Da ya ce, “Sai maganar yaron nan,” na kai hannu zan tsayar. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Bar shi.”

Ya faɗi maganarsa duka, wasan banza, ƙanensa, fataucin goro. Bayanta akwai ɗan shiru a kaset ɗin, ana jin ya ɗauki kofi yana kurɓar shayi. A cikin wannan shirun ta yi magana.

“Malam, ban kai shi ba. Keken ma na sayar, da shi na biya masa. Na so in gaya maka, na kasa. Ka yafe mini.” Ta ɗan tsaya. “Amma ga shi ka ji. Aikinsa ne wannan.”

Baba ya ajiye kofinsa ya ci gaba da maganar kuɗin makarantar ƙannena. Muka saurara har kaset ya ƙare ya yi ƙas. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, muka shafa. Sannan ta juyo wajena ta ce, “Kar ka ɗauka na ruɗe. Na san inda yake. Amsa ce ta maƙale mini a wuya tun kana yaro.” Ta kuma ce wa matata ta kawo tuwon, yunwa take ji. Ranar ta ci har da ƙari.

In na waiwaya yanzu, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shekara nawa na yi ina aikin sauti ban iya saurare ba. Ƙara na iya. Sai da tsohuwar da ba ta san waya ja da baƙa ba ta ce mini hanci, ta ce randa, ta ce bango, kuma duk ukun daidai ta faɗa. Masu tambayata shawara in za su sayi irin waɗannan, abin da nake ce musu kaɗan ne. Ka auna ɗakinka tun kafin ka fita, ka tafi da muryar wanda ka sani ka gwada da ita, kuma in dattijo ya ce maka abu uku ka tsaya ka ji na ukun. Bes kam ba su da shi kamar akwati, mai shagon bai yi ƙarya ba. In biki za ka yi, zo in ba ka haya.

Suna nan inda muka tsayar da su, matata ta maye zanen allin da ɗigon fenti, baƙi kuma sun saba bi ta gefe. Abokaina na nan suna ce musu ƙofofi, ni kuma ko a jikina. Na yi ayyukan da aka yaba mini a gaban taro, amma ba wanda nake alfahari da shi kamar wannan, wanda mutum uku kaɗai suka gani. Wajen nan na kaset ɗin kuwa na daina gudunsa, ina zama in ji shi har ƙarshe.

Ranar Juma'ar nan, da Mma za ta tafi, na riƙo hannunta za mu wuce ta gefe sai ta tsaya. Ta lalubi ɗaya daga cikinsu, ta shafa yadin daga sama zuwa ƙasa, sannan ta ɗan ɗaga ta kamar yadda kowa ke yi.

Ta ce, “Ba nauyi. Kekena ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.”

Na ce, “Haka ne, Mma.”

Ta ajiye ta a hankali, ta lalubo da ƙafa ta tabbatar ta koma daidai inda take. Ta ce, “Ban yi asararsa ba.”